Tela da takalma uku: yadda muka nemo kambas ɗaya da zai ɗauki gudun mako

Wanda wannan nazari ya shafa ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, tela a Kano, shekarunsa 39. Tun yana ɗan shekara 14 yake kan keke. Duk wanda ya san sana'ar ya san yadda take cin mutum: daga hantsi har bayan isha'i a zaune, baya a sunkuye, kwanon abinci a gefen keke, in salla ta gabato kuma kwana ake yi. A watan Satumba na 2024 ciwon kai ya kai shi asibiti, aka auna aka ce jininsa ya fara hawa, nauyinsa kilo 91. Likita ya ɗora shi kan magani, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya fara da tafiya bayan sallar asuba, da ya ji jiki ya saki sai ya koma sassarfa.

Ni na yi shekaru ina koyar da motsa jiki a makarantar sakandare, har yau kuma ina fita gudu. Amma bai neme ni da wuri ba. Sai da takalma biyu suka wahalar da shi, a farkon Janairun 2025, sannan ya shigo gidana yana ɗingishi, da leda a hannu.

Abin da ke cikin ledar

Na farko kambas ne na yawo, irin wanda samari ke sawa da jins: ƙasansa shafal, roba mai tauri, babu soso. Lamba 43, don tun da ya girma 43 yake saye. Cikin mako biyu farcen babban yatsansa na dama ya yi baƙi, ƙaramin yatsa ya yi bororo. Sai ya yanke cewa matsalar ita ce bai sayi na 'yan gudu ba.

Na biyun a waya ya gan shi, wurin wani mai talla. Kore shar, ƙasa tudu guda, da tambarin wani babban kamfani a gefe, an ce masa irin na Kipchoge ne, shahararren ɗan tseren nan na Kenya. Ya biya abin da ya kai kuɗin ɗinkin kaftani huɗu. Kwanakin farko ya ji kamar katifa yake takawa, daɗi ya ɗebe shi, cikin mako biyu ya tashi daga kilomita 3 ya koma 7, kuma kullum, ba ranar hutu. Daga nan ƙwauri ya fara ciwo, ƙafa biyu, ta gefen ciki. Kafin wata ya cika sosan ya kwanta gefe guda, wata safiya ya taka bakin rami ya gurɗe idon sawu.

"Yaya, takalmin nan ne ya cuce ni," in ji shi.

Na juya takalmin na miƙa masa, na ce ya duba ɗinkin kamar yadda zai duba aikin da yaron shagonsa ya kawo. Ya bi layin zaren da farce, ya leƙa ciki, ya ja harshen, ya yi dariya. Ya ce wannan ko ɗan koyo ne ya kawo masa sai ya farke: tazarar allura ba ɗaya ba, gam ya yi tumbatsa a baki, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawon harshe. Shekara 25 yana gane mugun ɗinki daga nesa, amma hoto a waya ya rufe masa ido.

Sai dai jabuntar ba ita ce ta fi damuna ba. Ko na asalin ya samu, ba nasa ba ne. Takalman tsere irin waɗanda suka yi tashe tun fitowar Nike Vaporfly a 2017 suna da faranti mai tauri na kabon a tsakiyar soso mai sauƙin nauyi. Binciken da aka yi a Jami'ar Kolorado ya nuna suna rage ƙarfin da ƙwararren mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Da ɗan'uwan wannan takalmi Eliud Kipchoge ya gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Viyana ranar 12 ga Oktoban 2019, abin da ya sa hukumar wasannin tsere ta duniya ta kafa doka a farkon 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, farantin kuma kada ya wuce ɗaya. Duk gaskiya ne. Amma an ƙera su ne domin kwalta mai santsi da mutumin da ke tafiya a guje. Robar ƙasansu siririya ce, diddigensu tsukakke, ba sa daɗewa, kuma suna da tsada sosai. Na ce masa, "Ƙanena, gezna ka saya za ka yi zaman shago da ita. Abin da kake buƙata yadi ne mai jure wanki." Wannan ya shige shi fiye da duk bayanin da na yi.

Kafin maganar takalmi na tura shi sashen gashin ƙashi na asibiti, saboda ciwon ƙwauri iri biyu ne. Akwai wanda ke bazuwa tare da tsawon ƙashin, yana lafawa in an huta. Akwai wanda ke tsayawa wuri ɗaya da za ka iya ɗora yatsa a kai, yana damun mutum ko a tafiya, wanda kan iya zama tsagewar ƙashi. Nasa na farkon ne. Aka ce ya bar gudu mako uku.

Inda ƙafarsa ke sauka

A cikin makonnin hutun nan na sa shi ya rubuta mini makonsa, wato ba abin da yake fata ba, abin da ƙafarsa ke takawa. Daga ƙofar gidansa a Ɗorayi akwai kusan kilomita ɗaya na jar ƙasa, da tsakuwa da ramuka da wuraren da ruwan kwata ya ratsa. Daga nan ya hau titin Jami'ar Bayero (BUK), amma ba a kan kwaltar yake gudu ba sai jefi-jefi, don 'yan adaidaita sahu da tifofi ba sa raga wa kowa; a gefe yake bi, inda rairayi ya taru da fasassun kwalabe da ƙusoshi. Ranar Asabar yana so ya je filin ƙwallon unguwa ya ɗan ƙara sauri. Yana kuma so ya riƙa tafiya shago da takalmin, kilomita 2 zuwa, 2 dawowa. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke kai maki 40, ga taɓon damina. Kuɗin da ya ware kuwa na takalmi ɗaya ne.

Wannan takardar ita ta zaɓi takalmin, ba mu ba. Kamfanoni suna da wani rukuni da suke ƙerawa domin atisayen yau da kullum: Nike Pegasus, wanda ya fara fitowa tun 1983, da Brooks Ghost, da Asics Gel-Cumulus, da Saucony Ride, da New Balance 880, da Mizuno Wave Rider. Ba wanda ya yi fice a abu ɗaya a cikinsu, kuma nan ne amfaninsu yake. Soso matsakaici, ba shafal ba, ba tudu ba. Diddige ya ɗara gaban ƙafa tsawo da milimita 8 zuwa 12. Nauyin ƙafa ɗaya giram 250 zuwa 300 ko ɗan sama kaɗan. Roba baƙa mai kauri ta rufe mafi yawan ƙasan. Gindi mai faɗi, wanda ba ya karkata in an taka gefen dutse. A hoto ba su da kwarjini, shi ya sa masu tallan waya ba sa yayata su.

A cikin waɗannan siffofi, biyu na fi nauyaya wa saboda hanyarsa. Na ɗaya robar ƙasa. Da yawa daga takalman zamani, domin a rage nauyi, ana barin sosan a buɗe a tsakiyar tafin, a liƙa 'yar roba a gaba da baya kawai. A kan tsakuwar Ɗorayi irin wannan soso gugewa yake kamar sabulu, ƙaya da ƙusa kuma suna samun hanya. Na biyu saƙar saman. Raga mai manyan idanu tana shan iska, amma rairayi ta nan yake shiga, ya haɗu da gumi ya riƙa goge yatsu. Mai rufin hana ruwa kuma, a Kano cikin Afrilu, tanda ce. Abin nema shi ne raga mai ninki biyu, ƙananan idanu.

Nauyi bai dame ni ba ko kaɗan, kuma na nuna masa dalili da lissafi. Masu bincike sun daɗe da gano cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara ƙarfin da ake kashewa da kusan kashi 1 cikin 100. Shi yana cin kilomita ɗaya a minti 7, wato daƙiƙa 420. Kashi ɗaya na wannan daƙiƙa 4 ne. A kilomita 5 kusan daƙiƙa 20 ne. Mutumin da ke gudu don jininsa ya sauka, me daƙiƙa 20 za ta tsinana masa, in an kwatanta da robar da za ta ƙara masa wata biyu?

Maganar shimfiɗaɗɗen tafi

Akwai abu ɗaya da ya riƙe a ransa wanda sai da muka yi ta ja. Wani ya gaya masa cewa tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake, ba shi da lanƙwasa sosai, don haka dole sai takalmi na musamman mai tokare cikin ƙafa. Wannan magana ta daɗe tana yawo, shagunan Turai da Amurka sun yi shekaru suna sa mutum ya taka takarda da jiƙaƙƙiyar ƙafa su zaɓa masa takalmi bisa sawun. Ni ma haka aka koya mini, haka kuma na koya wa ɗalibai, sai daga baya na gane hujjar ba ta da ƙwari. Rundunar sojan Amurka ta gwada abin a kan dubban kurata, na ƙasa da na sama da na kundumbalar ruwa: wasu aka ba su takalmi bisa siffar tafinsu, wasu aka ba su iri ɗaya ba tare da duba tafin ba. Raunin da aka samu bai bambanta ba. A Danmak an bi sababbin masu gudu sama da 900 tsawon shekara guda, dukansu da takalmi na gama-gari, aka buga sakamakon a 2014: waɗanda ƙafarsu ke ɗan kwantawa ciki ba su fi sauran jin ciwo ba.

To da me za a zaɓa? Benno Nigg, wani masanin motsin jiki a Jami'ar Kalgari ta Kanada da ya shafe shekaru yana nazarin takalma, ya kawo shawara a 2015 cewa jin daɗin takalmi a ƙafa shi kansa mizani ne: jiki yana da hanyar da ya fi so ya bi in yana gudu, takalmin da bai yi faɗa da wannan hanya ba shi ake so. Ba hujja ce yankakkiya ba, masana na jayayya a kanta, kuma labarin ƙanena ya nuna iyakarta, tun da jabun ma daɗi ya yi masa kwanakin farko. Jin laushi daban, zaman takalmi daidai a ƙafa daban. Amma a matsayin abin farawa ya fi sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa. Game da soso kuma, wani gwaji da aka yi a Laksambag da mutum sama da 800 ya nuna masu takalmi mai taurin soso sun fi masu mai laushi samun rauni. Wannan ya isa ya kore tsohon kambas ɗinsa na yawo.

Awo

Nan ne abin dariyar yake. Mutumin da tef ke rataye a wuyansa wuni guda, wanda ya san kafaɗa da hannun rabin unguwa a ka, bai taɓa auna ƙafarsa ba. Na sa shi ya tsaya a kan kwali da yamma, nauyinsa duka a kan ƙafar, na zagaye ta da biro. Ta dama santimita 27.3, ta hagu 26.9. Lamba 43 a yawancin takalman gudu tana kusa da santimita 27.5. Kenan shekara da shekaru babban yatsansa yana dungurin bango. A tafiya ba ya ji. A gudu kuwa, inda ƙafa ke kumbura tana zamewa gaba a kowane taku, kusan taku dubu a kilomita, kowanne da nauyin da ya ninka na jiki sau biyu ko fiye, farce ne ke biyan bashin.

Faɗin ma abin dubawa ne. Ƙafarsa irin tamu ce da muka tashi da silifas da takalmin fata buɗaɗɗe, yatsu a warwatse, gaba kamar faranti. Yawancin takalman da ke shigowa an yi su ne a kan faɗi na gama-gari, wanda ake sa wa harafin D a na maza. Mai faɗi ana rubuta masa 2E, wanda ya fi shi kuma 4E. Mutane da yawa in takalmi ya matse su a gefe sai su ƙara lamba, su tashi da dogon takalmi mai fita a diddige. Muka yanke kwalin daidai sawun, ya sa a aljihu.

Kasuwa

Sabo ɗan kanti bai shiga lissafi ba. Pegasus 41 da ya fito a 2024 dala 140 ne a inda ake yin sa, dala kuma a lokacin ta haura naira 1,500. Ya zarce naira 200,000 tun kafin a sa kuɗin kawowa, wato ninki uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Sai gwanjo. Muka nufi Ƙofar Wambai bayan la'asar, da gangan, don ƙafa ta fi girma da yamma, ya kuma riƙo safar da yake gudu da ita.

Sayen takalmin gudu a gwanjo yana da matsalar da riga ba ta da ita. Riga in ta tsufa ido zai gani. Takalmi kuwa saman na iya zama fes alhali sosan ya mutu, don wanda ya yar da shi a can ƙasarsu sau da yawa ya yar ne saboda ya cinye shi. Abin da aka saba faɗa shi ne takalmin gudu yana yin kilomita 500 zuwa 800. Ba doka ba ce, amma tana nuna cewa abin da kake saye ragowar tafiya ce, ba suna ba. Ga kuma wankin da ake yi musu, wani har da shafa farin fenti a gefen soso.

Don haka ba ta sama muke farawa ba, juyawa muke. Mu duba zanen robar a bayan diddige ta waje da ƙarƙashin tushen yatsu: in ya shafe har soso ya leƙo, a ajiye. Mu duba gefen sosan: 'yan ƙananan layuka ba komai, amma tattara mai zurfi kamar goshin tsoho alama ce ya kwanta. Mu ɗora ƙafa biyun a kan benci mu tsuguna mu hango su ta baya: wanda ya jingina gefe ya ɗauki takun tsohon mai shi, zai tilasta wa sabon. Mu zare shimfiɗar ciki mu danna da babban yatsa, mu ji ko yana dawowa. Mu lanƙwasa shi: ya kamata ya karye a inda yatsu ke lanƙwasa, ba a tsakiya ba. Mu murɗa shi kamar wanki: in ya murɗe ba gardama, ba zai riƙe ƙafa a kan rami ba. Sai bakin da ƙasa ta haɗu da sama, ko shumeka ya taɓa bi da gam. Wasu kamfanoni, kamar Nike, suna buga lokacin ƙira a jikin takardar harshe. Takalmin da ya shekara bakwai ko takwas, ko ba a taɓa sa shi ba, gam ɗinsa ya gaji, wani irin soso ma marmashewa yake don kansa. Ɓangaren ɗinki na bar wa tela, kuma ya fi ni: sau biyu yana ture takalmin da ni na ɗauka na asali ne.

Daga tarin da muka juya a rumfa huɗu, uku suka kai ga gwaji. Na farko na hawan duwatsu ne, mai manyan haƙora a ƙasa. Shi ya fi burge shi, yana cewa ai wannan ne maganin jar ƙasa. Na hana, don ƙasar da ke hanyarsa busasshiya ce mai tauri mafi yawan shekara. A kan kwalta haƙoran nan ƙwanƙwasa suke, su cinye da wuri, ga shi da rufin hana ruwa. Na biyu Pegasus ne na asali, lafiyayye, lamba 44. Na so a ce ya yi. Amma da ya zare shimfiɗar ya tsaya a kanta, gefen ƙafarsa ya zubo waje. Takalmin ba shi da laifi, ƙafar ce ba tasa ba.

Na ukun yana can ƙasan tari, toka-toka, ba ado. Brooks Ghost, lamba 44.5, santimita 28.5, ga 2E a jikin takardar. Zanen robarsa bai ko fara shafewa ba sai kaɗan a diddige. Kwalin sawunsa ya shige ya kwanta ba lanƙwasa. Da ya sa ya ɗaure, tsakanin dogon yatsa da bakin takalmin akwai faɗin babban yatsan hannu, diddige kuma bai ɗaga ba. Na roƙi mai rumfa ya bar shi ya ɗan yi sassarfa zuwa bakin layi.

"Alhaji, in dai ba gida zai wuce da shi ba, bismilla."

Ya je ya dawo, na tambaye shi me ya ji. Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ban ji komai ba." Na ce to shi ke nan, shi muke nema.

Abin da na lura da shi a kasuwa, kuma ya yi mana rana, shi ne kuɗi suna bin tambarin da samari suka sani. Sunan da ba a sani ba yakan yi kwantai, masu jabu ma ba su cika wahalar da kansu a kansa ba. Mai rumfa ya sa kuɗi, muka taya, ya ce albarka, muka yi kamar za mu wuce, ya kira mu. An sallama a kan abin da bai kai rabin kuɗin koren jabun ba.

Bayan saye

Na gindaya masa sharaɗi: kwana uku a mako, da hutu a tsakani, minti 2 sassarfa minti 1 tafiya, jimla minti 20, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kuma ya rubuta nisan kowace fita. A bayan littafin da yake rubuta awon masu ɗinki ya buɗe shafi. Tun da ba mu san nawa tsohon mai takalmin ya ci ba, na ƙiyasta masa ragowar kilomita 400, in ya wuce haka riba.

Zuwa ƙarshen Fabrairu yana yin kilomita 4 ba tsayawa, ƙwauri shiru, sabon farce ya fara turo tsohon. Sai azumi ya kama a farkon Maris, ɗinkin salla ya rufe shi, wata guda ko taku ɗaya bai yi ba. Aka yi salla ranar 30 ga Maris. Kwana uku bayanta ya fita, ya ji ƙarfi, ya yi kilomita 6. Washegari ya maimaita, jibi ma haka. Ciwon ya dawo, wuri ɗaya da na da, cikin takalmin da muka wahala muka zaɓa.

A ganina wannan ne mafi amfani a duk labarin. Da ya zo mini a Janairu, takalmi ya ɗora wa laifi, ni ma na biye masa zuwa wani mataki, don jabun ya cancanci zagi. Amma farce da bororo da gurɗewa ne kawai aikin takalmi. Ƙwaurin aikin gaggawa ne. Numfashi da zuciya suna sabawa da gudu cikin makonni, ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni, kuma in aka yi dogon hutu baya suke komawa. Mutum sai ya ji ƙirjinsa zai iya, ƙashinsa kuwa bai shirya ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wannan karon bai ce takalmi ba ne. Da kansa ya buɗe littafin ya nuna mini kilomita 18 cikin kwana uku bayan wata guda na sifili. Ya huta kwana goma, ya koma minti 20.

Ni ma na yi kuskure, kuma a lissafi. Na yarda ya riƙa zuwa shago da takalmin, ina ganin ai shi ne ma'anar takalmi mai ɗaukar kowane aiki. Sai a watan Mayu na zauna na haɗa: kilomita 4 a rana sau shida, 24 a mako, alhali gudun nasa duka bai wuce 15 ba. Tafiya ba ta danne soso kamar gudu, amma tana cin roba, ga taka fedal wuni guda a wuri ɗaya, ga rana da yake sha a bakin shago. Daga nan ya koma silifas ɗinsa na zuwa aiki, takalmin ya zama na asuba kawai.

Damina ta zo da nata. Ranar da ya dawo da shi sharkaf ya so ya shanya a kan kwano, na hana: zafi ne babban abokin gaban gam da soso. A zare shimfiɗa, a ɗauraye taɓon da ruwa da tsohon buroshi, a cusa takarda a ciki, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Matsalar ita ce ba kullum yake bushewa kafin fita ta gaba ba. Nan ne takalmi ɗaya ya nuna iyakarsa. Akwai wani bincike, shi ma daga Laksambag, da ya bi mutum 264 tsawon mako 22, ya ga masu sauya takalma sun fi masu ɗaya tilo ƙarancin rauni da kashi 39 cikin 100. Ba na ɗora masa nauyi sosai, don kallo kawai aka yi, kuma mai takalma biyu sau da yawa dama ya fi ƙwarewa. Amma ga mai gudu a Agusta a Kano, hujjar takalmi na biyu ba ta buƙatar jami'a: ɗaya yana bushewa, ɗaya yana ƙafa.

A ƙarshen Agusta yana yin kilomita 5 sau biyu a mako, ranar Asabar 8, yana rufewa da 'yan zagaye masu sauri a fili. Nauyinsa ya sauko 84. Maganin hawan jini yana nan yana sha, wannan tsakaninsa da likitansa ne. Littafin ya nuna kilomita 410 na gudu lokacin da ya fara jin tsakuwa a ƙarƙashin tushen yatsu, da muka juya kuma robar wurin ta yi sumul. Takalmin ya koma na zuwa shago.

Wanda ya maye gurbinsa shi kaɗai ya je ya sayo, da kwalinsa a aljihu. Ya kuma bar wa mai rumfar lambar waya da saƙo: duk ranar da aka fasa dila aka ga mai 2E, santimita 28.5, ko wane suna ne a jiki, a ajiye masa zuwa la'asar.